Kuɗin Mota Ɗaya

Shekara sittin da bakwai ina kwana a bakin Kwara.
Na san ta da damina, in ta yi ja ta haye fadamun shinkafa,
na san ta da bazara, in ta rame har yashi ya fito fari fat.
Ban taɓa tambayar ta inda za ta ba.
Sai bana, da yana ta fara cin idon hagu,
na ce kafin na dama ya bi sahu
bari in ga ruwan da ba a hango gaɓarsa, balle ƙetarewa.

Na sayar da koma da tsohon injin da ya gaji da ni.
Kuɗin suna cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin tabarma.
Sau uku na ƙirga.
Gari ɗaya za su kai ni, zuwa da dawowa.

Nomau yana Kwatano, shekara tara yana dako a tashar jirage.
Ya ce, Baba, jirgi ɗaya a nan ya fi kasuwar Yelwa tsawo,
da dare in ya kunna fitilu
sai ka ce unguwa ce ta tashi tana iyo.
Ni da na tsufa ina toshe kwalekwale da tsumma,
yaya zan ƙi ganin ƙarfe yana yawo bisa ruwa?
Amma kuɗinsu sefa, bakinsu Faransanci,
kuma ɗakin Nomau su biyar ne a ciki.
Bai faɗa ba. Dariyar da ya yi ce ta yi yawa.

Tasalla tana Badagiri, tana bandar kifi kamar uwarta.
Ita ba ta yi mini tallar komai ba.
Ta ce akwai kwakwa, akwai sauro,
iskarsu tana cin kwanon rufi kamar gara.
Ta ce takwarana ya fara tafiya yana dafa bango,
sannan ta rage murya, kada maƙwabta su ji:
kifin teku, Baba, ko kusa bai kai giwan ruwa.

Na kai maganar gindin ɗorawa, inda muke gyaran taru.
Labbo ya ce teku teku ne, ko ta ina ka lasa gishiri za ka ji.
Jatau ya ce ɗa namiji ake fara kai wa ziyara.
Jatau da bai taɓa wuce Kontagora ba!
Na dawo gida da shawara biyu da ciwon kai,
kamar mai fila ɗaya tsakanin igiya biyu ta ruwa.

Jikana Ɗantani ne ya buɗe taswirar makaranta.
Ya ɗora babban yatsa, ya rufe garuruwan duka biyu.
Na ce to Kwara fa, ta wanne take shiga?
Ya bi shuɗin layi da farce, ya gangara, ya karkata gabas,
can nesa, inda ba ni da kowa.

Na daɗe ban ce komai ba.
Ashe ita ma ba inda 'ya'yana suke ta nufa ba.

Na kira Nomau bayan isha'i.
Na ce ƙafata ba ta son kan iyaka, Badagiri za ni,
in ka samu Lahadi, ka ƙetaro mu ci tuwon ƙanwarka.
Na ji numfashin da ya sauke har nan Yauri.
Jiragen, ya zo mini da su a baki,
ai Nomau ya iya faɗa da ƙarawa.

Gobe da asuba motar Ikko.
Na cika gorar roba a mashayar da na koyi iyo.
In na isa zan tuɓe takalmi, in tsaya inda kumfa ke ƙarewa,
in zuba rabi,
rabin kuma in wanke wa takwarana fuska,
ya san ɗanɗanon inda muka fito tun yana rarrafen tasowa.